Gangaren da Aka Zuba wa Baba Kafinta

Ma'aikatan cibiyar kula da tsofaffi da masu naƙasa ne suka zuba gangaren siminti a ƙofar ɗakin Baba Kafinta, jim kaɗan bayan an sallamo shi daga asibiti da shanyayyen ɓarin jiki. Ɗakinsa shi ne na gaba, ƙofarsa tana kallon layi, sai dai tana da tudu wanda ko mai lafiya sai ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya hau. Suka fasa tudun, suka shimfiɗa siminti a hankali har ya sadu da ƙasa, suka kafa ƙarfen riƙewa a gefe guda. Da ya bushe suka kawo keken marasa lafiya sabo, ko ledarsa ba a cire ba.

Jami'ar da ke gasa masa jiki, wadda tsofaffin cibiyar suke kira Sista, ita ta yi bayani a gaban babban ɗansa.

"Motarmu tana zagayowa Talata da Alhamis da safe. Direba ba ya shiga gidan kowa, domin ba zai bar sauran tsofaffi su kaɗai a mota ba. Ku dai ku fito da shi bakin ƙofa a kan keke, mu za mu ɗauke shi mu dawo da shi. A watannin nan na farko ne ƙafa take dawowa, idan ana motsa ta. Idan aka bar shi a kwance jijiyoyin za su ƙage, in kuwa suka ƙage babu yadda za mu yi. Sannan akwai masu jiran gurbi da yawa. Wanda ya yi ta fashi, ba za a ajiye masa wuri ba."

"Fito da shi kawai, Sista? Ai ko a ka ne sai in ɗauko shi," in ji ɗan, wanda 'yan layin suke kira Manaja tun lokacin da ya taɓa riƙe wa wani shago.

Burin Baba Kafinta ba mai yawa ba ne. Bai sa ran komawa kan zarto da guduma ba. Abin da yake so shi ne ya kai kansa banɗaki da ƙafarsa, ya turo ƙofa, kada matar ɗansa ta sake ganin abin da bai kamata suruka ta gani ba. Saboda wannan burin ne yake tashi da wuri a ranakun mota, ya sa a saka masa riga da hula, ya zauna a kan keken yana kallon bakin layi tun kafin lokaci ya yi.

A cibiyar akwai ƙarafa biyu dogaye da ake shiga tsakaninsu a kama, a koyi tsayuwa. Nan Sista take tsayar da shi, tana dafe da ƙugunsa, shi kuma yana jan ƙafar hagu kamar ba tasa ba. Wata tsohuwar malamar makaranta da suke zuwa tare ba ta barinsa ya huta.

"Kafinta, da ƙafar nan ta katako ce, ai da tuni ka buga mata ƙusa ta miƙe."

Yakan yi dariya da ɓarin bakinsa mai motsi, ya ce mata ita ma ta fara gyara tata tukuna. Maganar takan fito a hankali, domin harshensa ya yi nauyi, amma a can ana jiransa har ya kai ƙarshe. Kafin wata ya zagayo ya fara sakin hannu ɗaya daga ƙarfen. Wata Alhamis ya tafi daga wannan ƙarshen zuwa wancan ba tare da an riƙe shi ba, aka tafa masa, ya dawo gida yana gumi kamar wanda ya yini a wurin aiki.

Wanda ya fara ganin wani amfani dabam a gangaren shi ne abokin Manaja, dillalin lemon kwalba. Ya zo duba jikin tsohon, amma ya fi daɗewa a waje yana auna ƙofar da ido.

"Kai da wannan ƙofar kake yawon neman aiki? Ga layi, ga gangare, kaya su shiga su fita babu ɗagawa. Ni zan riƙa ba ka kaya, kai dai ka samo firiza."

Bayan 'yan kwanaki Manaja ya shiga ɗakin tsohon ya zauna a bakin gado, abin da ba ya yawan yi.

"Baba, hayaniyar layin nan ba ta barinka ka yi barci. Ɗakin baya ya fi sanyi, ga shi dab da banɗaki."

Baba Kafinta ya buɗe baki. "Amma gan... gan..."

"Gangaren? Yana nan, ina zai je? Ta ƙofar ciki za a riƙa turo ka, ka ratsa shagon ka sauka. Kuma shagon nan ai saboda kai ne. Magani da abinci ba daga sama suke faɗowa ba."

A gidan haka ake yi da maganar tsohon: ya fara, wani ya ƙarasa masa da abin da ya fi yi wa mai ƙarasawar daɗi. Aka kwashe gadonsa da akwatin kayan aikinsa aka mayar ɗakin baya, wanda tagarsa take kallon katanga. Da aka kawo firizar, sai aka tarar wurin jona wuta ɗaya ne a ɗakin gaban, kuma yana jikin ƙofar ciki. Aka jingina firizar da ƙofar, aka ce na ɗan lokaci ne, kafin a kira mai gyaran wuta. Ba a kira shi ba.

Hanyar da ta rage ita ce siririn lungun da mutanen gida suke bi, mai matakala a tsakiya da wata a bakin ƙofa. Keke ba ya wucewa ta nan da mutum a kai. Dole a naɗe shi a fitar, sannan a dawo a sungumi tsohon. Manaja ya yi hakan a makon farko yana nishi, ya yi a na biyu yana duba agogo.

Motar dillalin babba ce, ba ta iya shigowa layin, saboda haka a bakin titi take sauke kaya, kuma da safe take zuwa. Wata Talata Manaja ya leƙo ɗakin baya da sauri. Baba Kafinta yana zaune da rigarsa da hularsa.

"Baba, ara mini keken nan minti kaɗan. Kaya na can a titi, kada a sace. Yanzu zan dawo."

Keken ya ɗauki kiret kan kiret, ya hau gangaren sumul kamar don haka aka yi shi. Manaja yana sawu na uku ko na huɗu lokacin da motar cibiya ta tsaya a ƙofar gida. Daga ɗakin baya Baba Kafinta ya ji hon. Ya ji na biyu. Ya kira sunan ɗansa, amma muryar ba ta wuce tsakar gida ba. Sannan ya ji ƙarar injin tana nisa. Da keken ya dawo da rana, mazauninsa yana danƙo da lemon da ya zube, ƙudaje suna binsa.

"Alhamis ma rana ce, Baba," in ji Manaja.

Ranar Alhamis matarsa ta tuna masa tun yana wanke fuska.

"Baban yara, yau ranar motar Baba ce fa."

"Na sani, ni ma ina da kalanda a waya. Motar kaya ma yau ce. In na bar kayan a titi ke za ki biya?"

"To ni me zan ce masa? Tun ɗazu yake nuna mini hula."

"Ki sa masa mana. Hula ai ba ta hana zama."

Daga cibiya sukan kira waya, kuma lambar Manaja ce a wurinsu. Ya ce Baba yana zazzaɓi. Da suka sake kira ya ce zazzaɓin ya sauka amma jiki babu ƙarfi. Daga baya ya ce an kai shi wurin dangi ya ɗan sha iska. Duk wannan a cikin shagon yake faɗa, waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana miƙa wa mai saye kwalba. Yakan rufe da godiya mai tsawo, ya ce Allah ya saka wa ma'aikatan cibiya da alheri.

'Yan layin sun ga keken yana kai da kawo, kuma sun san na wane ne. Abin da suka yi da sanin nasu shi ne wasa.

"Manaja, yau wane mara lafiya ka ɗauko?" in ji mai aski daga ƙofar shagonsa.

"Lemo ne zazzaɓi ya kama, firiza zan kai shi a ba shi gado."

Aka yi dariya. Wani ya ce a gaida Baba da jiki, Manaja ya ce zai ji.

Matar Manaja ba muguwa ba ce, gajiya ce ta cinye ta. Ita ce mai girki, ita ce mai shirya yara makaranta, ita ce mai wankin zanen gadon tsohon da kwashe abin da ya kamata a kwashe. Ba za ta iya ɗaga shi ba, kuma ta daina roƙon wanda zai iya. Takan shigo da ruwan ɗumi fuska a ɗaure, ta yi aikinta ba tare da ta dube shi ba, shi kuma ya juya fuskarsa ga bango har ta gama. Don ya rage mata wahala, ya rage wa kansa kunya, sai ya fara ƙin shan ruwa. Ta lura da hakan. Ranar farko ta ce, "Baba, ka ɗan ƙara mana." Rana ta biyu ta ajiye kofin kawai ta fita. Daga nan ta fara kawo shi rabi.

Autar Baba Kafinta tana aure a wata unguwa, takan zo ƙarshen mako da ledar kayan marmari. Ranar da ta tarar da keken a shago an ɗora masa katan, ta tsaya a kan gangaren.

"Yaya, keken nan na Baba ne fa."

"Na ce na wani ne?"

"Anti matarka ta ce ya daɗe bai je gashi ba."

Manaja ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. "Auta, abu mai sauƙi. Ga Baba can, ga keke nan. Ki kira mota ki kwashe su duka ki kai gidanki. Sai ki nuna mana yadda ake riƙon uba, mu koya."

"Ka san gidanmu a saman bene yake."

"To. Kowa da benensa."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta shiga ɗakin baya, ta gyara wa mahaifinta hula, ta ɓare masa ayaba, ta jingina kanta da kafaɗarsa ta ɗauki hoto don ta tura wa dangi. Ya riƙe hannunta da hannunsa mai ƙarfi, ya fara: "Ki ce... ki ce wa..."

"In ce wa kowa kana gaishe su. Za su ji, Baba. Ai jikin da sauƙi, har ka yi haske."

Da ya ga babu mai fitar da shi, sai ya yanke shawarar yin gashin da kansa. Ya tuna yadda Sista take cewa ya fara dasa ƙafa mai lafiya, sannan ya mayar da nauyi a hankali. Tagar ɗakin tana da ƙarfe. Wata rana da hantsi, gidan babu kowa sai surukarsa a wurin wanki, ya matsa bakin gado, ya miƙa hannu ya kama ƙarfen, ya ja jikinsa sama. Ya tsaya. Ƙafar hagu tana rawa, amma ya tsaya, har ya hango saman katanga da wayar wuta. Da ya zo mayar da nauyi ne gwiwar ta lanƙwashe. Ya faɗi tsakanin gado da bango, goshinsa ya bugi akwatin kayan aiki.

Surukar ta same shi a haka, ta kasa ɗaga shi, sai da aka kira Manaja daga shago.

"Baba, me kake nema a tsaye? Me aka rage ka da shi? In ka karye wa zai yi jinya? So kake mutane su ce mun bar ka?"

A ranar aka fitar da gadon, aka shimfiɗa katifa a ƙasa, don kada ya sake faɗuwa. Daga ƙasa hannunsa ba ya kaiwa ga taga. Daga ƙasa ko zama ba ya iya yi sai an tayar da shi, kuma ba kullum ake samun mai tayarwa ba. Ya koma kwanciya a ɓari guda, gwiwar hagu a naɗe, domin haka ta fi yi masa sauƙi. Fatar ƙugunsa ta yi ja, daga baya ta buɗe. Ɗakin ya fara wari, aka riƙa turo ƙofar saboda masu sayen lemo. Motar cibiya ta ci gaba da tsayawa na wani lokaci, sannan ta koma rage gudu kawai, daga baya ta daina shigowa layin. Ya daina neman a sa masa hula.

Ba kiran waya ne ya kawo Sista ba. Tana cikin motar cibiya wata safiya suna wucewa ta bakin titi, sai ta hango keke mai tambarinsu an jibga masa kaya, wani mutum yana tura shi da ƙarfi. Ta ce direba ya ajiye ta, ya wuce da tsofaffin, ya dawo ya ɗauke ta. Ta bi keken a ƙafa har ya hau gangaren.

"Malam, ina kwana. Ina Baba?"

Manaja ya juyo, ya gan ta, ya fara sauke kaya da sauri. "A'a, Sista, ke ce da kanki? Yanzun nan nake cewa zan kira ku. Keken na kai a duba masa taya, sai na ce kada in dawo da shi haka nan."

"Ina Baba?"

"Yana ciki, yana hutawa. Ki zauna a nan, ga lemo mai sanyi, bari in fito miki da shi."

"Zan bi ka."

Ya goge mazaunin keken da gefen rigarsa, ya naɗe shi, ya riga ta shiga lungun. Kafin ta kai ƙofar ɗakin baya ya riga ya sunkuya ya sungumi mahaifinsa, ya dangwarar da shi a kan keken. Tsohon ya saki wani nishi mai tsawo, jikinsa ya karkace gefe, domin a kan gyambon aka ajiye shi.

"Kin gani, kullum da yamma haka nake zaunar da shi ya sha iska."

Sista ta wuce shi. Ta durƙusa, ta gaida Baba Kafinta, ta nemi izininsa, sannan ta ɗaga rigar ta duba ƙugun. Ta kama ƙafar hagu, tafin hannunta ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ta gwada miƙar da ita a hankali. Ƙafar ta ɗan motsa ta tsaya. Ta sake gwadawa, ya damƙe hannun keken. Ta mayar da ita yadda take, ta daɗe a durƙushe. Surukar tana tsaye a bakin ƙofa da bokiti, idonta a ƙasa.

"Za ta... miƙe?" in ji Baba Kafinta.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Ta ƙage. Za mu iya rage maka ciwon, amma tsayuwar da muka fara, ba na jin za mu sake samunta. Gurbinka a mota ma an ba wani, tun da aka ce mana ka yi tafiya. Zan turo mai wanke gyambo ya riƙa zuwa gida, wannan kam ba sai an fito da kai ba."

Ya gyaɗa kai. Bai dubi ɗansa ba.

"Saura maganar keke," in ji ta, ta miƙe. "Akwai wata baiwar Allah da take jira tun tuni, a kan kujerar roba ake jan ta. Idan ba a amfani da shi a nan, zan tafi da shi."

A nan ne muryar Manaja ta tashi. "Ki tafi da shi ina? Keken babana ne. Mutum yana kwance ba lafiya, ku zo ku raba shi da abin da kuka ba shi da hannunku? Wannan wane irin taimako ne? Baba, gaya mata kana hawa."

"Shi zan tambaya, Malam, kuma shi zai amsa." Ta sunkuya daidai fuskar tsohon. "Baba, a bar maka shi?"

Ya buɗe baki. "Ku kai..."

"Ku kai zuciya nesa, yake nufi," in ji Manaja.

"Malam, ka bar shi ya gama."

Ana jin ƙugin firiza ta bayan ƙofar da aka toshe. Baba Kafinta ya haɗiye yawu da ƙyar, ya tattara kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kai wa... wadda take da... mai tura ta."

Sista da surukar ne suka sauke shi, suka kwantar da shi a ɗaya ɓarin, suka sa matashi tsakanin gwiwoyinsa. Sista ta cika kofin da ruwa ta tsaya har ya shanye. Manaja yana tsakar gida yana faɗa wa iska cewa wannan zamani ba a san mai ƙoƙari ba, kuma duk wanda bai yi jinyar tsoho ba bai san komai ba. Da motar ta dawo, direba ya naɗe keken ya saka a baya.

Cibiyar ta yi abin da aka kafa ta domin shi. Ta zuba siminti, ta kawo keke, ta ware mota da direba da mai gashi. Abu ɗaya ta bar wa gidan, wato tazarar da ke tsakanin katifa da bakin ƙofa, domin waɗanda suka tsara aikin sun ɗauka duk gidan da ke da 'ya'ya ba zai rasa mai cike wannan tazarar ba. Gidan Baba Kafinta yana da ɗa, da 'ya, da suruka, da layi guda na maƙwabta masu aiko da gaisuwa, kuma kowannensu yana da dalilin da idan ka saurara za ka ce ya yi gaskiya.

Ragowar kayan ranar suna can a bakin titi, ba za su jira ba. Kafin la'asar Manaja ya dawo daga kasuwa da sabon baro, kore, ya loda masa kaya har sama, ya turo shi cikin layin.

"An sallami mara lafiyar ke nan?" in ji mai aski.

Manaja ya tsaya a gindin gangaren yana share gumi, ya daki gefen baron da tafin hannu.

"Ai wannan ya fi wancan ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Kuma ba shi da wata tsada. Da na sani, tun farko shi zan saya."